Keken ƙafa, mai mota ko atomatik: wanne ya dace da shagon tela a Legas?

Telan da ya shiga Idumota neman keke zai ji ɗan kasuwa yana kiran kusan duk abin da ake jona wa wuta da suna atomatik. Kafin a fara ciniki, a tambaye shi: me keken yake yi da kansa? Amsar ita ce za ta nuna ko kuɗin da ya faɗa ya dace da kayan.

Keken ƙafa irin Butterfly ba ruwansa da wuta, kuma duk bakaniken keke a Agege ko Idi-Araba ya san cikinsa. Ana iya ɗaura masa ƙaramar mota wadda ba ta kai wat 200 ba, da fedarta a ƙasa. Wannan ya wadatar da mai koyo da mai ɗinki a gida. Amma an ƙera kansa ne don saurin ƙafa, in aka matsa masa dare da rana a ɗinkin sallah, gawayin motar zai cinye, ta yi zafi, ɗinki ya fara tsalle.

Babban keken shago, wanda ake ce wa indastiriyal, nan ne zaɓin yake da wuya, domin kai iri ɗaya yana zuwa da mota iri biyu. Juki DDL-8700, misali, yana iya kaiwa ɗinki 5,500 a minti, kuma akwai Jack da Emel da Two Lion masu irin ƙirarsa. Mota mai kuloci, galibi wat 400, tana juyawa tun daga lokacin da aka kunna ta har a kashe, ko ana ɗinki ko ana hira. Tana da gurnani, tana fizgar wuta da ƙarfi wajen tashi, shi ya sa ƙaramin janareto yake shaƙewa in an kunna ta. Kuma da an taka feda sai ta zabura, sabon yaro yakan sha wuya kafin ya iya bin kwanar wuyan kaftani da ita. Abin yabonta shi ne juriya: in ta ƙone a sake naɗa waya, in kuloci ya cinye a canza.

Mota ta biyu kuwa, wadda ake kira sabo (servo), ko da an rubuta mata wat 550, ba ta cin wutar kirki sai an taka feda. Shiru take, kuma akwai maɓallin rage gudu da ƙara shi. Tun da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A (Band A, masu samun wuta awanni mafi yawa) zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, shagon da ke da keke huɗu ko biyar a kan mita yana ganin bambancin a ƙarshen wata. Rauninta yana cikin akwatin lantarkinta. Wutar da aka dawo da ita da ƙarfi kan ƙona shi, gyaran kuma ba na kowane bakanike ba ne. Duk wanda zai saye ta ya sa kuɗin sitabilaiza a lissafi, ya kuma saba da kashe soket da zarar an ɗauke wuta. A motar sabo akwai mai bel a ƙarƙashin tebur, akwai wadda aka haɗa da kan keken kai tsaye. Mai bel ta fi sauƙin sha'ani, don in ta mutu a kwance ta a ɗaura wata, keken na nan.

Wanda ya cancanci sunan atomatik shi ne mai kwamfuta, irin Jack A4: yana yanke zare da kansa, yana ƙulle farkon ɗinki da ƙarshensa, allura kuma tana tsayawa inda aka saita ta. Ga mai ɗinkin kayan makaranta ɗari-ɗari, almakashin da ba a ɗauka ba lokaci ne mai yawa. Ga mai kaftani uku a rana, a ganinmu, kuɗin ya fi amfani a wajen keken wibin mai kama bakin yadi, ko keken 20U na aikin wuya. Wuƙar yankan zaren tana dakushewa, ta riƙa barin zare gajere yana zamewa daga allura, sannan in allon ya nuna lambar matsala keken zai ƙi motsi gaba ɗaya har sai an samo mai gyara.

Ko sabo ne ko tokumbo, kada a biya sai an gwada. A je da ƙyallen shadda a ninka huɗu, a ɗinka a hankali, sannan da gudu, a danna ribas. A juya bayan ƙyallen: in zare ya yi kumbo a ƙasa, a sake zura zaren sama a ɗaure shi kaɗan; in ya ci gaba ko yana tsallake ɗinki, saitin ƙugiyar da ke ɗaukar zare ya goce ko bakinta ya cinye. A duba ɗan gilashin da ke saman kai, dole a ga mai yana fantsama in keke na gudu. A kwantar da kan a leƙa tiren mai, baƙin mai da ɓurɓushin ƙarfe alamar keke ne da ya sha wahala. Danshin Legas ma yana sa tsatsa a ƙoshiya da sandar allura, musamman kayan da suka daɗe a sito.

Allurar babban keke mai zagayayyen gindi ce, DBx1, ta Butterfly kuma gindinta a shafe yake ta gefe ɗaya, ba sa shiga wa juna. Lamba 14 ta isa shadda da yadi, 16 kuma a ajiye ta don jins da kaki.