Sanitaiza ko bokiti da sabulu: wanne ofis zai fara saya?

Malama, kin ce mura da gudawa sun yi ta bin ma'aikatanku ɗaya bayan ɗaya, oga ya ware ɗan kuɗi don tsaftar hannu, sai kan mutane ya rabu: wasu na son sanitaiza, wasu bokiti mai famfo da sabulu. In kuɗin ba zai ɗauki duka biyun ba, ni dai a fara da sabulu da ruwa.

Aikinsu ba ɗaya ba ne. Sanitaiza yana kashe ƙwayar cuta a inda ya tarar da ita, amma datti na nan daram a hannu. Sabulu kuwa ɗaga maiƙo da datti yake yi tare da duk abin da ya maƙale a ciki, ruwa ya tafi da su. Wanda ya tashi daga cin tsire da rana, yatsu duk mai da ƙuli, ko ya zazzage rabin kwalbar sanitaiza ba lallai hannun ya tsarkaka ba, don maiƙon nan ya kare ƙwayoyin. Sannan akwai masu jawo amai da gudawa, irin norobairus, waɗanda alkohol, sinadarin da ke kashe ƙwayar cuta a cikin sanitaiza, ba ya yi musu wani abin kirki. Tunda kin ambaci gudawa, bayan fitowa daga banɗaki da kafin a sa hannu a abinci, sabulu ne kawai.

Bokitin nan da ya cika ƙofar bankuna da makarantu lokacin korona a 2020, wata masaniyar kimiyya 'yar Gana, Veronica Bekoe, ce ta ƙirƙiro shi, saboda wuraren da famfo ba ya kawo ruwa. Hikimarsa ita ce ruwa mai gudu: ya zubo a hannu, ya wuce cikin robar da ke ƙasa. Ku kwatanta da kwanon nan guda da mutum shida ke tsoma hannu kafin cin shinkafa, na ƙarshe ya wanke a ruwan da ya yi fari. Amma bokiti na da lalura. Sai an sa wanda zai cika shi kullum da safe, ya zubar da ruwan ƙasa, ya wanke cikinsa, in ba haka ba cikin mako biyu za ki gan shi a lungu ya bushe. A cuɗa hannu na daƙiƙa 20 aƙalla, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Kuma don Allah a ɗauke tawul ɗin nan guda da kowa ke gogawa. Gara hannu ya bushe da iska. Mai alwala ma ya fara da sabulu, don mariƙin butar ofis hannun kowa ya bi ta kai.

Sanitaiza na da wurinsa: teburin mai karɓar kuɗi, mai karɓar baƙi, da masinjan da ke yawo da fayil, waɗanda ba za su iya tashi kowane minti biyar ba. Kwalba ɗaya ko biyu ta wadatar. A duba jikinta a ga alkohol ya kai kashi 60 cikin 100, da lambar NAFDAC, don an sha kama na jabu, wani har da metanol mai guba. A murza har hannu ya bushe, a rufe murfi don zafi na busar da ƙarfinsa, kuma a nisanta shi da wuta.

Ita mura da tari kuwa, galibi ta iska suke bi, wanke hannu rage su kawai yake yi. Ɗakin da mutum takwas ke zaune da AC, tagogi a garƙame tun safe, ya kamata a riƙa buɗe shi iska ta ratsa ko da hunturu ne. Ku kuma roƙi oga ya yarda mai zazzaɓi ko gudawa ya kwanta a gida ba tare da an taɓa masa albashi ba. Wanda tarinsa ya wuce mako biyu, ya je a yi masa gwajin tarin fuka. Kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da ke kula da cutar.