Yaya, ga labarin madubin nan

Yaya, ina gaisuwa, a gaishe min da Hajiya da yara. Saƙonki a kan madubin jeren Ummi ya iso, hoton ma na gani. Ranar Asabar na fita nemansa, kuma gara ki ji tun yanzu: wannan ba madubin shafa hoda ba ne.

Tangaran ɗin da ya zagaye shi aikin Meissen ne, wani gari a bakin kogin Elbe, kamar kilomita 25 daga nan Dresden, a ƙasar Jamus. Tun 1710 suke gasa tangaran a can, zamanin sarkinsu Augustus, wanda son tangaran ya sa a 1717 ya ba sarkin Prussia, wata masarautar Jamus ta da, sojan doki 600, ya karɓi tangaran ɗin Sin guda 151. Mutane fa, Yaya, a bakin tuluna!

Na samu irinsa a shagon wani dattijo mai sayar da kayan da. Furannin jikinsa ɗaya bayan ɗaya aka ƙera su da hannu, aka yi musu fenti, ganyen sirara kamar ɓawon albasa, har tsoron yin numfashi kusa da su nake. Ya juya min bayansa ya nuna min takubba biyu shuɗaye a gicciye, tambarin masana'antar ke nan. Ya ce tambarin ma an daɗe ana kwaikwayonsa, shi ya sa yake haɗa wa mai saye da takardar shaida. Gilashin kuwa duk ya yi dabbare-dabbare, fuskata kamar mai kyasbi. Na ce ai sai a canja. Ya dube ni kamar na zage shi. Wai na da ne, wanda ake shafa wa kuza da zaiba a baya, in aka sa sabo daraja ta zube.

Kuɗinsa ya fi hayar ɗakina ta wata uku, kuma a rubuce yake. Nan ba Kurmi ba ce da za ki taya a ce miki albarka, ki yi kamar za ki tafi a kira ki. Sai dai kasuwar gwanjo ta bakin Elbe, can ana ciniki, amma ba takarda, in ya fashe a hanya ke da Allah.

Abin da hotonki bai nuna sosai ba shi ne saman. Mutum-mutumin Venus ne a zaune, gunkiyar soyayya ta Rumawa, ko zanin kirki babu a jikinta, ga ɗanta Cupid da fukafukai yana riƙe da kwari da baka. Ki ƙiyasta dangin miji sun shigo ganin ɗaki. Kafin magariba unguwa ta ɗauka.

A hanyar dawowa tasoshin Inna na yi ta tunawa, masu zanen nan da ta zo da su gidan Baba, waɗanda muka ba 'yan jari-bola a kan sikeli don sun yi baƙi. In akwai saura a ƙarƙashin gadon Hajiya, don Allah kar a taɓa su sai na zo.

Ummi kuma ki kai wa kafinta hoton ya yi mata firam na katako, furanni kawai. Zan turo kuɗin ƙarshen wata.