Kafin ka sayi injin esfireso a Garwa ko Njamena

Makon jiya ƙanena da ke Njamena ya turo mini hoton wani injin kofi ta WhatsApp, an rubuta bar 20 ɓaro-ɓaro a kwalinsa (bar ma'aunin ƙarfin matsin ruwa ne). Ya ce, "Yaya, in saya? Mai shagon ya ce ya fi na bar 15 ƙarfi." Na ce masa ya mayar da kuɗinsa aljihu tukuna. Mu da muka tashi da Nescafé ɗin mai shayi da gahawa mai citta, ranar da muka ɗanɗani esfireso na gaske sai rai ya biya a kawo injin gida, kuma a wannan ɗokin ake zubar da kuɗi.

Esfireso hanyar haɗa kofi ce. Ana tura ruwa mai zafin digiri 90 zuwa 96 ya ratsa gari mai laushi da matsin bar 9, cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Tun injin Faema E61 da ya fito a Italiya a 1961 ake tafiya a kan bar 9 ɗin nan. Lambar 15 ko 20 da ke jikin kwali iyakar ƙarfin famfo ce kawai, kada ta sa ka ƙara ko dala.

Injin kafsul (ɗan ƙoƙo rufaffe mai garin kofi a ciki) irin na Nespresso ya fi kowanne sauƙi: ka jefa, ka danna, ka sha. Amma kowane kofi ɗaya sai da kafsul ɗaya da aka shigo da shi daga waje, ranar da ya yanke a kanti injin ya zama kayan ado. Ni ba na ba ɗan Garwa shawararsa. Akwai kuma butar moka da Bialetti ya ƙera a 1933, wadda ake ɗorawa a kan gas ko kurfoti. Matsinta bai wuce bar 1 zuwa 2 ba, saboda haka abin da take bayarwa kofi ne mai kauri, bai kai esfireso ba. Duk da haka, wanda bai tabbatar zai riƙa sha kullum ba, ya fara da ita.

A injinan lantarki gida biyu ne. Ƙanana irin De'Longhi Dedica suna zafafa ruwa nan take yana wucewa, cikin ƙasa da minti ɗaya sun shirya. Masu tukunyar dafa ruwa a ciki irin Gaggia Classic da Rancilio Silvia sun fi nauyi da ƙarko, ana kwance su a gyara, ludayinsu na zuba gari mai faɗin milimita 58 irin na shagunan kofi ne, sai dai suna son minti 15 ko fiye kafin ƙarfen ya ɗau zafi sosai. A nan yanayin wutarmu ya shigo. Wanda ya san Garwa a watan Afrilu ya san yadda ake ɗauke wuta ana tsaka da abu. Injinan nan suna jan wat 1,000 zuwa 1,400, ƙaramin sola ko ƙaramin janareto ba lalle ya ɗauka ba, kuma ana bukatar na'urar daidaita wuta mai ƙarfin da ya kai haka. In na gwanjo ne daga Duwala, juya shi ka karanta farantin da ke ƙasansa. Wutar Kamaru da Chadi bolt 220 ce. Na Amurka mai 110 ko 120 yana ƙonewa da an jona shi kai tsaye. Kada ka biya sai an kunna a gabanka, ka ga ruwa ya fito da zafi, kuma ba ya yoyo ta gefen roba.

Wanda na fi so wa mutanenmu shi ne injin hannu, irin Flair ko Cafelat Robot. Ka tafasa ruwa a buta, ka zuba, ka danna hannun ƙarfe da ƙarfinka, bar 9 ɗin ya samu ba tare da lantarki ba. Ba famfo, ba waya, abin da zai lalace roba ce kawai. Gazawarsa biyu: ba ya dafa madara da tururi, kuma kofi ɗaya yake yi a lokaci guda, in baƙi biyar suka zo sai an yi haƙuri.

To, ga inda nake son ka tsaya da kyau. Injin niƙa ya fi injin kofin muhimmanci. Na yi wata uku ina shan ruwa-ruwa mai tsami ina zargin injina, ashe garin leda da nake saya ne ya yi tsakitsaki, ƙamshinsa kuma ya tafi tuntuni. Ranar da na niƙa da kaina, sai ga shi yana zuba siriri kamar zuma, kumfa mai ruwan ƙasa ta rufe saman. Bilenda da injin mai wuƙa mai juyawa sara suke yi, wani ya yi gari wani ya yi tsaki. Wanda ake so mai haƙoran ƙarfe biyu ne da ake matsewa ko sassautawa kaɗan-kaɗan. Na hannu mai kyau ya wadatar. In kuɗinka bai kai duka biyu ba, rage a injin kofi ka ƙara a nan. Haɗa da ƙaramin sikeli mai auna giram.

Ƙwayar kofi kuwa, abin takaici ne mu nemi ta Turai alhali ƙasarmu Kamaru na noma ta. Arabika na fitowa a tsaunukan Yamma da Arewa maso Yamma, wajen Bafusam da Bamenda; a Yamma ƙungiyar manoma ta UCCAO ke aiki tun 1958. Robusta kuma a yankin Mungo, wajen Nkongsamba, da Gabas. Arabika ta fi ƙamshi da ɗan tsami mai daɗi. Robusta ta fi ɗaci da kumfa, kafeyin ɗinta ya kusan ninka na arabika. Mai farawa ya nemi gauraye, arabika mai yawa da robusta kaɗan, suya matsakaiciya zuwa mai ɗan duhu. Wadda ta yi baƙi ƙirin tana naso da mai, an ƙona ta. Wadda ta yi fari kuma tana wahalar da ƙaramin inji. Tambayi ranar suya: daga mako ɗaya zuwa kusan shida bayan an soya ta fi daɗi. Da zafinmu da ya haura digiri 40, sayi kaɗan-kaɗan, ka rufe a gwangwani mai murfi, nesa da rana da ƙurar hunturu.

Duba cikin butarka ma. In ka ga farin ɓawo ya manne a gindinta, ruwanka zai toshe bututun inji. Yi amfani da ruwa mai sauƙin gishiri, ka riƙa wanke cikin injin yadda takardarsa ta ce.

Ƙanena ya ɗauki injin hannu da injin niƙa, ni kuma na aika masa arabika rabin kilo ta Kuseri. Na ce ya zuba giram 18 na gari, ya danne shi daidai, ya tsaya in giram 36 ya sauka a kofi. In ya zubo da gudu cikin daƙiƙa 15 yana tsami, ya ƙara laushin niƙa. In ya wuce 40 yana ɗiga da ɗaci, ya sassauta. Abu ɗaya zai riƙa canzawa a kowane gwaji, kuma ya rubuta lambar da ta yi masa daidai.