Pentium MMX ko Pentium III: wacce ta fi dacewa da tsofaffin wasanni?

Ɗan'uwa, ka ce kana da manyan allunan kwamfuta guda biyu a ajiye, ɗaya mai gurbin furosesa (wato ƙwaƙwalwar kwamfuta) na Socket 7, ɗauke da Pentium MMX, ɗayan kuma mai gurbin Slot 1, ɗauke da Pentium III, kuma ƙarfinka bai wuce ka haɗa guda ɗaya ba, kana son sanin wadda za ka zuba wa kuɗi da lokaci. Ƙarfin furosesa ba zai yanke maka hukunci ba, domin a wannan harka sauri yakan zama matsala. Abin dubawa shi ne shekarun da wasannin da kake marmari suka fito, sai kuma irin gurbin da katin sautinka zai shiga.

Mu fara da gudu, tunda nan ne bambancin ya fi fitowa fili. Wasanni da dama na ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 an rubuta su ne suna auna lokaci da saurin furosesa, don haka idan aka ɗora su kan na'ura mai sauri sai komai ya riƙa gudu fiye da kima. Wing Commander na 1990 ya yi suna a kan haka. Akwai kuma manhajojin da aka rubuta da Turbo Pascal, waɗanda ke tsayawa da saƙon "Runtime error 200" da zarar gudun furosesa ya haura kimanin megahaz 200. Pentium MMX, wanda Intel ta fitar a 1997 kuma ya kai megahaz 233, yana da kyau a nan, domin ana iya rage masa gudu ta hanyar sauya ƴan filogin da ke kan allo, sannan a kashe ma'ajiyar sauri ta L1 da L2 a cikin BIOS, wato manhajar saitin allo, sai ya sauko kusa da ƙarfin tsofaffin furosesa na 486 ko ma 386. Pentium III na 1999 ba shi da wannan sassauci, saboda Intel ta kulle lambar ninka gudunsa. Idan aka kashe masa L1 yakan faɗo ƙasa warwas, babu matakai masu yawa a tsakani, ko dai ya yi sauri da yawa ko ya yi nauyi da yawa.

Da zarar an shiga 1996 sai lamarin ya juya. Quake yana gudana a kan Pentium MMX, amma Unreal da Half-Life, waɗanda duka suka fito a 1998, suna ja da ƙyar a kansa, alhali a kan Pentium III suna tafiya sumul. Allon Slot 1 mai ɗauke da 440BX, wato guntun sarrafa allo da ya fito a 1998, yana da gurbin katin hoto na AGP, kuma a nan za ka sa katin Voodoo3 ko RIVA TNT2, dukansu na 1999. Yawancin allunan Socket 7 na asali gurbin PCI kawai gare su, sai dai ka haɗa katin hoto na yau da kullum, irin su S3 Trio64, da katin Voodoo na farko na 1996, wanda ake jona shi da ɗan guntun kebul ta bayan akwati. Katunan 3dfx, kamfanin da ya ƙera Voodoo, suna da daraja ne saboda Glide, hanyar zana hoto da wasanni masu yawa na wancan zamani suka fi jituwa da ita, kuma tun da Nvidia ta sayi kadarorin kamfanin a ƙarshen 2000 ba a sake ƙera su ba, shi ya sa suke wuyar samu. Ka lura cewa gurbin AGP na 440BX wutar volt 3.3 yake bayarwa, ba kowane katin baya-bayan nan ne zai zauna a cikinsa ba.

Maganar sauti ita ce wadda masu farawa suka fi rainawa, kuma a ganina ita ce ta fi komai muhimmanci. Wasannin DOS, tsohuwar babbar manhajar da ta riga Windows, suna magana da katin sauti kai tsaye, suna neman katin Sound Blaster a saitinsa na adireshi 220, da IRQ 5 ko 7, da DMA 1, kuma wannan ba ya tafiya daidai sai da katin da ke zaune a gurbin ISA, wato dogon baƙin gurbin nan da ke ƙasan allo. Katunan PCI suna kwaikwayon hakan ne da manhaja, wani wasan ya karɓa, wani ya ƙi. A nan allunan biyu sun yi kunnen doki matuƙar allonka na Slot 1 yana da ISA, kuma yawancin na 440BX suna da ɗaya zuwa uku. Ka duba da idonka kafin komai. Idan ka sami kati mai ainihin guntun kiɗa na Yamaha OPL3, irin su Sound Blaster 16 na farko-farko, kiɗan wasannin zai fito yadda aka tsara shi, domin wasu katunan da suka biyo baya, ciki har da AWE64, kwaikwayon OPL3 suke yi, kuma mai kunne yana jin bambancin.

Ta fuskar RAM da ajiya bambancin ba shi da yawa, sai dai kowanne da iyakarsa. Allon Socket 7 mai guntun sarrafawa na 430TX ko 430VX ba ya amfana da abin da ya haura megabait 64, ƙarin ma yana iya rage masa sauri. A ɗaya ɓangaren, Windows 98 tana rikicewa idan RAM ya wuce megabait 512, kuma 256 ya ishe ka. MS-DOS 6.22 ba ta gane ɓangaren faifai da ya wuce gigabait 2, tsofaffin BIOS kuma sukan tsaya a gigabait 8.4 ko 32. Katin ajiya na CompactFlash da aka jona da mahaɗin faifai na IDE yana maye gurbin tsohon faifai a dukansu biyun, amma ya fi dacewa da DOS, tunda Windows tana yawan rubutu a kan faifai.

Sai wahalar haɗawa, wadda ta fi yawa a ɓangaren Socket 7. Da yawa daga allunansa na tsarin AT ne, masu buƙatar akwati da na'urar wuta irin nasu, da madannai mai babban filogi mai ƙafa biyar, da linzami na gurbin siriyal. Filogin wutar AT kashi biyu ne, P8 da P9, kuma dole baƙaƙen wayoyinsu su haɗu a tsakiya, in ba haka ba allon na iya ƙonewa nan take. Wasu allunan kuma suna ɗauke da guntun agogo na Dallas wanda batirinsa ke rufe a ciki, idan ya mutu BIOS ba ta riƙe saiti. Allon Slot 1 galibi na tsarin ATX ne, yana shiga akwatin zamani, batirinsa CR2032 ne da ake canzawa da yatsa. Nasa ciwon shi ne kafasita, wato ƴan gwangwanayen nan masu tara wuta da ke kan allo, domin allunan da aka ƙera daga wajajen 1999 sun yi ƙaurin suna wajen kumburin kafasita, don haka ka duba kawunansu, duk wanda ya tasa ko ya yi tsatsa sai an canza shi. Na'urorin wuta na yanzu kuma sun fi ba da ƙarfi a layin volt 12, alhali waɗannan alluna daga layin volt 5 suke sha, sannan yawancinsu sun daina bayar da volt 5 na ƙasa da sifili, wanda wasu katunan ISA ke buƙata.

Idan wasanninka na 1989 zuwa 1995 ne, kuma ba ka ƙin zama kana gyara fayilolin saitin DOS na CONFIG.SYS da AUTOEXEC.BAT don ƙwato wuri a cikin kilobait 640 na farko na RAM, Pentium MMX ne naka. Idan kuwa wannan ce haɗawarka ta farko kuma wasanninka sun fara daga Doom na 1993 zuwa wajajen 2000, ni Pentium III zan ba ka shawara, da Windows 98 SE, da katin sauti na ISA, domin Windows 98 tana da DOS a ƙarƙashinta da za ka iya komawa duk lokacin da ka so. Allon Socket 7 ɗin kuma ka nannaɗe shi cikin ledar da ke kare lantarki ka ajiye a busasshen wuri.