Waƙafin tilawa da waƙafin Turanci: ina suka haɗu, ina suka rabu

Malama, kin ce ɗalibanki na JSS 2 a nan Daura suna tilawa lafiya lau, amma da an miƙa musu littafin Turanci sai su riƙa tsayawa a tsakiyar magana, kina neman dalili. Bari mu ajiye karatun biyu gefe da gefe.

A tilawa an koya wa yaro wurin tsayawa tun yana ƙarami. Mus'hafi na ɗauke da alamomi: mim dole ka tsaya, "la" kada ka tsaya, jim zaɓi ne. Ya kuma san hatsarin, don ba malamin da zai bar shi ya yanke a kan "fa wailun lil musallin" ya rufe littafi. Ga shi ya ji surar daga bakin malam sau da yawa kafin ya karanta.

A Turanci kuwa alamomin kaɗan ne. Mu Hausawa ma daga Larabci muka aro sunayensu, aya da waƙafi, amma jimla mai kalma 20 na iya zuwa ba ko waƙafi ɗaya. Wanda ya ƙware yana yanka ta bisa ma'ana: "The man who sold the goat" ya ɗan numfasa, "has come back." Mai koyo yana tsayawa ne inda kalma ta tare masa hanya, shi ya sa za ki ji ya tsaya bayan "the" yana leƙen abin da ke gaba. Wannan ba hutu ba ne, lissafi yake yi.

Abin da ke tare shi biyu ne. Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe a jere, don haka "school" ta zama sukul, irin su "strength" kuwa sai an yi musu shiri. Sannan rubutun Turanci ba ya riƙe alkawari: "though", "through" da "tough" kowacce da furucinta.

Ni a ganina kuskurenmu shi ne cewa yaro ya ƙara sauri. Ki karanta musu tukuna su ji, su ja layi da fensir tsakanin gungun kalmomi, su maimaita sau 3, kamar dai yadda ake biya allo. Jarrabawar furuci ta WAEC ba da baki ake yin ta ba, don haka in ba a ajinki ba, ba inda za a saurari bakinsu.