Filin tseren ƙananan motoci a Lekki: aiki ya yi kyau, kujerun kallo babu kowa

Ranar Asabar na ɗauki ɗan ƙanwata mai shekara 11 daga Agege, muka sha cunkoso har zuwa wani filin tseren ƙananan motoci da ke yankin Lekki a Legas, irin motocin nan da ake kira go-kat, waɗanda tayoyinsu huɗu ke waje, direba kuma yana zaune dab da ƙasa.

Ma'aikatan wurin sun san aikinsu. Kafin yaron ya hau, sai da suka zaɓa masa hular kwano daidai kansa, suka nuna masa totur a ƙafar dama da birki a ta hagu, sannan suka gargaɗe shi kada ya taka su lokaci guda. Da ya kwashi gudu ya daki tsofaffin tayoyin da aka jera a bakin kwana, nan take wani ya ɗaga tuta mai ruwan ɗorawa, sauran yaran suka sassauta. Ya sauko hannuwansa suna rawa, ya ce mini, "Kawu, ashe a kwana ake cin tsere." Kuɗin hawa dai yana da ɗan nauyi ga mai ƙaramin ƙarfi, kuma wasu motocin sun fi wasu lafiya.

Abin da ya dame ni shi ne a ranar an yi gasar masu tasowa, amma ban da iyayen yaran babu wanda ya zo kallo. Ban ga allon sanarwa a bakin titi ba, ban ji a rediyo ba, shafinsu na Instagram kuma an daɗe ba a taɓa shi ba. Taya tana cinyewa, fetur ya yi tsada tun da aka cire tallafi a 2023, ga makaniki ga janareta, kuma kuɗin masu hawa kaɗai ba zai riƙe wannan ɗawainiya ba. Kamfanonin da ke ɗaukar nauyin wasanni taro suke bi, don haka ba za su liƙa sunansu a jikin motar da ba mai kallonta ba.

A irin wannan fili Lewis Hamilton ya fara a Ingila yana ɗan shekara 8, ƙungiyar tseren motoci ta McLaren ta ɗauke shi a 1998, daga baya ya zama zakaran duniya sau 7 a Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya. Ita kanta Formula 1, da duk kuɗinta, sai da kamfanin Liberty Media ya saye ta a 2017 ya buɗe mata ƙofar kafafen sada zumunta kafin matasa suka yi mata tururuwa. Rabon Afirka da ganin wannan gasa tun 1993 a Kyalami ta Afirka ta Kudu, saboda haka ƙananan filaye irin wannan su ne ɗan abin da ya rage mana.

Mu da muka saba da dandalin dambe mun san cewa kafin a ɗaure hannu, kiɗa da kirari sun riga sun tara jama'a, yanzu kuma bidiyon YouTube ya kai dambe ƙasashen da ba su taɓa jin sunansa ba. Na ba manajan wurin shawara ya riƙa sanar da ranar gasa da wuri, ya gayyaci makarantu kallo kyauta, ya kuma sa a san sunayen yaran da ke cin tsere. Ya saurare ni da ladabi, ya rubuta a takarda. Mun yi alkawarin komawa bayan Sallah, tare da abokan yaron biyu daga makarantar Islamiyyarsu.