Kafin ka biya kuɗin tsarin auna aikin kamfaninka

Duk mai makarantar kuɗi, ko gidan burodi, ko asibiti mai zaman kansa a Jos, wata rana sai wani ya sallama masa da kwamfuta a jaka, yana tallar tsarin da zai nuna masa ko harkarsa na ci gaba ko tana ja da baya. Wasu tsare-tsaren na da amfani ƙwarai. Sai dai kowanne da irin wurin da aka yi shi dominsa, kuma mai talla ba zai faɗa maka inda nasa ya gaza ba.

Mafi araha shi ne wanda kake da shi tun tuni: lissafin akanta. Riba da asara, kuɗin da ya shigo da wanda ya fita, bashin da kake bi da wanda ake binka. Ko a Excel ake yi, ko a QuickBooks, Sage ko Zoho Books, aikin ɗaya ne, kuma ba makawa sai da shi, domin shi banki da hukumar haraji za su tambaya. Matsalarsa ita ce naira ta daina zama ma'auni mai tsayawa wuri ɗaya. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira a watan Yuni, zuwa Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ɗauki dillalin dankalin turawa a Farin Gada, mai saro kaya daga Bokkos da Mangu yana lodi zuwa Abuja. A ce cinikinsa na shekara ya ƙaru da kashi 20 a takarda. Zai yi murna, alhali idan ya ƙirga buhunan da ya fitar zai tarar sun ragu. Abin da ya kamata ya riƙa rubutawa gefen naira shi ne buhu nawa ya tashi, nawa suka ruɓe kafin mota ta sauke, kwana nawa mai saye ke yi kafin ya turo kuɗi. Wannan bai buƙatar manhaja, littafi mai layi ya isa.

Na biyu shi ne allon ma'auni huɗu da Robert Kaplan da David Norton suka fito da shi a mujallar kasuwanci ta Jami'ar Harvard a 1992. Da sunan Balanced Scorecard za ka gan shi a takardar kwangila. Yana duba kuɗi, da masu hulɗa da kai, da yadda aiki ke gudana a ciki, da kuma ƙwarewar ma'aikata. A ganina wannan ne ya fi dacewa da wurin da ke da ma'aikata da yawa kuma aikinsa ke maimaita kansa, kamar makaranta.

Duba yadda abin ke tafiya a makarantar kuɗi a Rikkos ko Anguwar Rogo. Malamin lissafi ya samu wurin da ya fi albashi, ya tafi a tsakiyar zango. Aji ya yi makonni ana haɗa shi da wani. Yara suka koma gida suna faɗa, uwa ta duba littafi ta ga ba a yi maki ba. Ba wanda zai zo ofis ya yi faɗa, mutanenmu ba sa haka. Hutu na ƙarewa sai ka ga an sauya wa yaro makaranta. Kafin akanta ya ga giɓin a kuɗin makaranta an ci zango biyu, lissafinsa ya zama ihu bayan hari. Mai makarantar da ke ƙirga malaman da suka bar aiki, da darussan da ba a shiga ba kowane mako, da ɗaliban da ba su dawo ba, shi zai ga matsalar tun tana ƙarama, tun kafin ta bayyana a sakamakon WAEC da NECO. Tsadar wannan tsari ba a kuɗin mai ba da shawara take ba, a wanda zai riƙa tattara alƙaluman take. Don haka idan aka kawo maka allo mai ma'auni arba'in, ka ce a rage. Biyu ko uku a kowane ɓangare sun wadatar.

Sai OKR, wato tsarin buri da muhimman sakamako, wanda Andy Grove ya gina a kamfanin Intel, John Doerr ya kai shi Google a 1999. Ana sa buri ɗaya babba na wata uku, da sakamako kaɗan masu ƙirguwa da za su nuna an cim masa. Yana da kyau ga mai buɗe sabon reshe a Bukuru, ko matasa masu kamfanin fasaha. Ga aikin yau da gobe na gidan burodi kuwa, ba shi da wani tasiri sosai.

Akwai masu sayar da tambaya ɗaya tal, wadda Fred Reichheld ya yaɗa a 2003: daga 0 zuwa 10, yaya za ka tallata mu ga wani? Ina da ja a kanta a nan garin. Kara da kunya za su sa mutum ya ba ka 10 a gabanka ko da ransa a ɓace yake. Ƙirga waɗanda suka sake dawowa saye ya fi gaskiya. Ƙungiyoyin sa-kai kuma ba su da zaɓi sosai, mai ba da tallafi ne ke zuwa da jadawalinsa.

Game da manhajojin da ke zana alƙaluma a allo, irin su Power BI, shawarata ita ce a jinkirta. Yawancin irinsu da dala ake biyan kuɗinsu wata-wata, dalar da take wajen naira 460 a hukumance a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Ga wuta, ga data. Ka fara gwada ma'aunanka a takarda ko Google Sheets na wata uku. Idan sun rayu, manhaja za ta sauƙaƙa maka. Idan sun mutu a takarda, a manhajar ma mutuwa za su yi, da kuɗinka a ciki.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗaura alawus ɗin ma'aikaci a kan lamba ɗaya. Bankin Wells Fargo na Amurka ya matsa wa ma'aikatansa kan yawan asusun da za su buɗe, sai suka riƙa buɗe wa mutane asusu ba da saninsu ba. A 2016 aka ci bankin tarar dala miliyan 185, bayan ya riga ya kori ma'aikata kusan 5,300. Ka ce wa direban burodi alawus ɗinsa na kan yawan abin da ya fitar, zai jibge wa masu shayi kaya bashi, jibi ya dawo maka da busasshe. Duk ma'aunin yawa a haɗa shi da na inganci: abin da aka fitar da abin da ya dawo, ciniki da kuɗin da aka karɓo.

Ranar da mai tallar ya zauna a ofishinka, ka kira akanta da shugaban ma'aikata su zauna tare da kai. Ka tambaye shi wane ne cikinsu zai cika alƙaluman kowane ƙarshen mako, daga wane littafi zai ɗauko su, kuma idan kwangila ta ƙare bayanan a hannun wa za su zauna. Ka nemi ya nuna maka wuri irin naka da ya kafa wa tsarin shekara guda da ta wuce, ka je da kanka ka ga ko har yanzu ana cika shi. Kuɗinsa kuma ka raba shi kashi-kashi, kason ƙarshe sai ma'aikatanka sun fitar da rahoton wata uku ba tare da shi ba.